Kwana ɗaya a filin wani: abin da shari'ar Dartmoor ta fito da shi fili

A ranar 21 ga Mayun 2025 alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yanke hukunci baki ɗaya a kan wata magana da mai jin ta daga nesa zai ce ba ta kai a ɗauki lauya ba. Mutumin da ya goya jakarsa ya hau tuddan Dartmoor, a kudu maso yammacin Ingila, dare ya riske shi, yana da ikon kafa ɗan tantinsa ya kwana, ko sai ya nemi yardar mai filin? Wanda ya kai ƙarar, Alexander Darwall, attajiri ne mai juya kuɗin masu zuba jari, shi da matarsa Diana suna da fili mai faɗin eka kusan 4,000 a yankin. Lauyoyinsa sun ce dokar 1985 da ta tsara amfani da makiyayun Dartmoor ta ba jama'a damar shiga da ƙafa ko a kan doki domin shaƙatawa a sarari, wanda ya kwanta a cikin tanti kuwa ba tafiya yake yi ba, ba a kan doki yake ba, don haka ya fita daga inuwar dokar. A Janairun 2023 Babbar Kotu ta ba su gaskiya. Mako guda bayan haka mutane kusan 3,000 suka yi tattaki zuwa filin don nuna rashin yarda. A ƙarshen Yulin wannan shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta rufe maganar da cewa ƙafa da doki hanyar shiga ce kawai dokar ta ambata, kwana a tanti kuwa yana cikin shaƙatawar da ake nufi.

Hukuncin ya yi daidai, amma murnar da aka yi da shi ta ɓoye wani abu da ya fi shi girma. A duk faɗin Ingila da Wales, makiyayun Dartmoor ne kaɗai wurin da talaka yake da haƙƙin kwana a daji ba tare da ya roƙi kowa ba, shi ma sai da aka shafe fiye da shekara biyu ana ja-in-ja a kotuna uku kafin ya tabbata. Ra'ayina shi ne ƙasar da ta san abin da take yi ta rubuta wa matafiyin ƙafa haƙƙin kwana ɗaya ko biyu a filin da ba gona ba, ba harabar gida ba, ta kuma rubuta abin da ke wuyansa a takarda guda da wannan haƙƙin. Mai mota kuwa shari'arsa daban ce, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa masu kwanan daji daga haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya take tasowa.

A fara da duba abin da hani ya haifar a Ingila, tunda an daɗe ana gwada shi. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata, galibi daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan don ƙalubalantar masu filayen farauta da suka killace shi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a shekarar 2000 majalisa ta yi dokar da ta buɗe tsaunuka da makiyayu ga masu tafiya da ƙafa, ita ma abin da ta buɗe bai wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba, kuma ta fito fili ta cire kafa tanti daga abin da aka halatta. Wato kana iya yini a kan tsauni, amma da rana ta faɗi ka zama mai keta haddi. Keta haddin a mafi yawan lokuta ba laifi ba ne da ɗan sanda zai kama ka a kansa, magana ce tsakaninka da mai fili, shi ya sa mutane ba su daina kwana ba. Abin da suka koya shi ne su iso da almuru, su ɓuya, su tashi da asuba kafin a gan su. A yankin tafkunan arewa maso yammacin Ingila an daɗe ana kawar da kai ga wanda ya kwana can saman tsauni, sama da katangar makiyaya ta ƙarshe, amma kawar da kai alfarma ce, ana iya janye ta gobe. Illar wannan tsari ita ce hukuma ba ta da bakin koya wa mutane yadda ake yin abin da ta ce haramun ne. Ba za ta buga takarda ta ce ga nisan da za ka ba rafi kafin ka yi bahaya ba, alhali a hukumance bai kamata ma ka kwana a wurin ba. Sabon shiga sai ya koya daga abokinsa ko daga hotunan intanet, in ya dace ya dace.

Maƙwabciyarsu Sikotilan ta bi wata hanyar. Tana da dokar 1865 da ta mayar da yada zango a filin wani ba da izini ba laifi, kuma ƙasa ce da masu mallakar da ba su kai 500 ba suke riƙe da rabin filayen karkara masu zaman kansu. Duk da haka majalisarta ta zartar da dokar gyaran mallakar ƙasa a 2003, ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta ba kowa haƙƙin shiga mafi yawan filaye da ruwaye, har da kwana. Abin lura shi ne yadda aka ɗaure haƙƙin da igiya: dokar ta ce mutum yana da shi ne muddin ya yi amfani da shi cikin sanin ya kamata, aka kuma haɗa ta da ƙa'idojin da majalisa ta amince da su, waɗanda suka fayyace me ake nufi da hakan. Kaya marasa nauyi, mutane kaɗan, dare biyu ko uku a wuri ɗaya. Ba a cikin gonar da aka shuka ba, ba a cikin shingen dabbobi ba, nesa da gidaje da hanyoyi. Ka kwashe shararka, ka share alamar tantinka, ka fi son ɗan murhun gas a kan hura wuta, in bahaya ta kama ka ka nisanci ruwa da aƙalla mita 30 ka binne. Wanda ya saɓa bai buƙaci a ƙwace masa haƙƙin ba, shi da kansa ya fita daga cikinsa, sauran dokokin ƙasa su hau kansa. Mai fili shi ma an ɗora masa nasa: ba zai kafa allon ƙarya ko ya ja waya don kawai ya kori mutane ba, kuma ƙaramar hukuma tana da ikon sa shi ya cire.

Wanda zai ce shekara ashirin ba ta isa a yanke hukunci ba, ya dubi Nowe, inda dokar shaƙatawa a sarari ta 1957 ta rubuta al'adar da ta girme ta da ɗaruruwan shekaru: a filin da ba a noma, ka ba gidan da ake zaune a ciki tazarar mita 150, ka kwana dare biyu ba sai ka tambayi kowa ba, wata doka daban kuma ta hana hura wuta a cikin kurmi ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba. Suwidin ta shigar da irin wannan haƙƙi cikin tsarin mulkinta a 1994. Noma bai rushe a waɗannan ƙasashe ba, sana'ar katako ba ta mutu ba, fili kuma bai daina zama dukiyar da ake saye da sayarwa ba.

Hujja mafi ƙarfi a ɓangaren masu adawa ita ce ta mallaka, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Mutum ya sayi fili da kuɗinsa, yana biyan masu kula da shi, yana kiwon tumaki ko tsuntsayen farauta a kai, don me baƙon da bai zuba ko kwabo ba zai zo ya shimfiɗa a kansa? Idan yau an ce ya haƙura da mai kwana, gobe me za a ce ya haƙura da shi? Tambaya ce mai nauyi, musamman ga ƙaramin manomi wanda gonarsa ita ce duk abin da ya tara. Amma a dubi abin da dokokin nan suka taɓa da abin da suka bari. Gonar da ke da shuka, harabar gida, lambu, filin makaranta, duk suna waje. Abin da ake magana a kai shi ne tudu da fako da bakin tafki, wuraren da mai su kan yi watanni bai taka ba. Mallakar ƙasa kuma ba a taɓa barin ta babu iyaka ba, ko a Ingila. Akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da suka ratsa gonaki tun kaka da kakanni, akwai haƙƙin kiwo da wasu iyalai suke da shi a filin da ba nasu ba. Darwall kansa ya sayi filinsa ne shekaru da yawa bayan dokar 1985, da nauyin da ke kansa ya same shi. Sannan girman mallakar yana canja ma'anar maganar. Binciken da marubuci Guy Shrubsole ya wallafa a 2019 ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mutanen Ingila ne suke da rabin ƙasarta. Idan mai eka biyu ya ce kada a kwana a filinsa, ya kare gidansa ne. Idan waɗannan 'yan tsiraru suka faɗi haka a kan rabin ƙasa, sun yanke wa miliyoyi hukuncin cewa ba za su taɓa ganin wayewar gari a kan tsaunin ƙasarsu ba sai sun biya.

Hujja ta biyu ita ce ƙazanta da gobara, kuma a nan masu adawa suna da hotuna da za su nuna. A bazarar 2020, da aka sassauta kullen korona kuma fita ƙasashen waje ta gagara, wuraren shaƙatawa na Birtaniya sun cika da tantunan da aka gudu aka bari, kwalaben giya, itatuwan da aka sare ɗanye don hura wuta, da bahaya a bayan kowane dutse. Tun kafin nan gaɓar gabashin tafkin Lomond na Sikotilan, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Glasgow ba, ta zama dandalin shaye-shayen ƙarshen mako, har hukumar gandun ƙasa da tafkin yake ciki ta kafa dokar hana kwana a wurin a 2011, ta faɗaɗa ta zuwa wasu gaɓoɓin tafkuna a Maris ɗin 2017. Yanzu daga Maris zuwa Satumba, a waɗannan yankuna, sai da takardar izini ta 'yan fam kaɗan ko a sansanin da aka keɓe, wanda ya saɓa kuma tara tana iya kai fam 500. Masu adawa suna cewa ga shi nan, Sikotilan da kanta ta janye. Sai dai yankunan da aka taƙaita ba su kai kashi 4 cikin 100 na gandun ba, kuma dukkansu suna da abu ɗaya da ya haɗa su: kwalta tana kusa. Zubar da shara, sare itace, tayar da hankalin jama'a, duk laifuka ne tun kafin a yi sabuwar dokar, abin da aka rasa shi ne masu tsaro da za su kama mai yi. Ƙungiyoyin masu tafiya da masu hawan tsauni sun yi adawa da faɗaɗawar 2017 a kan wannan dalili, suna cewa an hukunta mai tsafta da laifin mai ƙazanta. Ina ganin suna da rabin gaskiya. Inda jama'a suka yi yawa har ƙasa ba ta samun hutun farfaɗowa, taƙaitawa ta lokaci da wuri, da izini mai arha, abu ne da hankali zai ɗauka. Abin da ba zai ɗauka ba shi ne a ɗauki matsalar bakin tafki guda a mayar da ita dalilin rufe tsaunukan ƙasa duka.

Kusancin kwaltar nan shi ne zuciyar maganar. Wanda zai yi tafiyar awa uku da kaya a bayansa yana auna kowane cokali kafin ya sa a jaka. Ba zai ɗauki katon ɗin giya ba, ba zai ɗauki amsa-kuwa ba, ba zai bar tantinsa a can ba domin da tsada ya saye shi kuma gobe ma zai kwana a ciki. Nauyin kayan da kansa yana yi wa doka rabin aikinta. Wanda ya tsayar da mota ya taka taku goma kuwa babu abin da ya hana shi kawo duk abin da but ɗin motar zai ɗauka, kuma abin da aka kawo cikin sauƙi ana barin sa cikin sauƙi. Masu rubuta dokar Sikotilan sun gane haka, shi ya sa suka cire abin hawa mai inji daga haƙƙin shiga, in ban da wanda aka gyara don mai naƙasa. Dokar hanya ta 1988 ta haramta shiga da mota cikin fili ba da izini ba, ta ɗaga ƙafa kawai ga wanda ya kauce bai wuce yadi 15 daga hanya ba don ajiye motar, wannan ɗagawar ma ba ta ba shi haƙƙi a kan mai filin ba. Suwidin da Nowe, duk da sakin fuskarsu ga mai ƙafa, sun hana tuƙi a daji tun 1975 da 1977. Mai motar kwana da ya tsaya a gefen hanya yana cewa ai a Sikotilan ko'ina ana kwana, ya ari rigar da ba a ɗinka masa ba.

Amma cewa mai mota ba shi da wannan haƙƙin bai warware komai ba, domin motocin suna nan suna zuwa. A 2015 aka ƙaddamar da wata hanyar yawon buɗe ido mai tsawon mil 516 da ta zagaye arewacin Sikotilan daga Inverness ta dawo, aka tallata ta a duniya, motocin kwana suka yi ta kwarara cikin ƙauyukan da hanyarsu mota ɗaya take ɗauka. Mazauna wurin suka fara kuka da toshe wuraren kaucewa, da kwana a harabar maƙabarta, da juye tankin bayan gida a cikin rafi. An gayyato baƙi ba a gina musu makewayi ba, a daidai lokacin da ƙananan hukumomi suke rufe na jama'a don tsimin kuɗi. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban a kan wannan. Aisilan ta hana motocin kwana tsayawa a wajen sansanoni tun 2015 sai da izinin mai fili. Niyuzilan, wadda ta yi dokar kwana a fili a 2011, ta tsaurara ta a 2023, ta ce motar da za a ba takardar shaidar cewa tana ɗauke da ƙazantarta dole ta kasance da masai kafaffe a ciki. Faransa ta daɗe da tsarin da ya fi burge ni don sauƙinsa: ƙauyuka da garuruwa da yawa sun keɓe ɗan fili da famfo da ramin juye ƙazanta, kyauta ko da kuɗi kaɗan, mai mota ya kwana, da safe ya sayi burodi a shagon garin. Hani yana da ma'ana ne idan an nuna wa mutum inda zai je. Direban da barci ya kama da tsakar dare, idan kowane wurin tsayawa an kafa masa allon hana kwana, zai ci gaba da tuƙi, hatsarin da zai haddasa kuma ya fi sharar da aka guda.

Akwai kuma waɗanda dokar gefen hanya take faɗa wa a kai alhali ba yawon shaƙatawa suke yi ba. Al'ummomin Romani da sauran matafiyan Birtaniya, waɗanda rayuwarsu a kan hanya take tun ƙarnuka, sun ga yadda aka yi musu. Dokar 1968 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su samar musu wuraren sauka. A 1994 aka soke wannan wajibin, aka ƙara wa 'yan sanda ikon kora. A 2022 aka mayar da zama da abin hawa a filin wani ba da izini ba laifi a wasu yanayi, da ɗaurin da zai kai wata uku, tarar fam 2,500, da ƙwace motar, wadda ita ce gidan iyalin. A Mayun 2024 Babbar Kotu ta ce wani sashe na wannan doka, wanda ya hana komawa wuri har tsawon wata 12, ya saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ganin cewa wuraren sauka na halal ba su isa ba. Dokar 1824 da ta mayar da kwana a titi laifi ta rayu shekara 200 a Ingila. Wannan tarihin ya kamata ya sa mu yi hattara da duk dokar da aka rubuta da sunan tsafta ko kare muhalli. Mai kuɗi yana da otal, yana da sansani mai wuta da ruwan zafi. Wanda tarar take samu shi ne ɗalibi, da lebura, da iyalin da ba su da wani gida sai motar.

Ɗaya nauyin da ba a cika ambata ba shi ne na ran mutum. Masu filaye suna tsoron wani ya faɗa rami ko ya nutse a filinsu ya kai su kotu, tsoron kuma ba na banza ba ne. Dokar Ingila ta 2000 ta rage alhakin mai fili a kan abin da halittar ƙasa ta jawo, kamar dutse ko kogi ko itace, ƙa'idojin Sikotilan kuma sun sa ɗaukar alhakin kai cikin ginshiƙansu uku. Haka ya dace. Wanda ya nemi 'yancin kwana a inda babu mai gadi ya yarda ke nan babu wanda zai biya shi diyya idan sanyi ya kama shi.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, mu wa ke kwana a daji don nishaɗi? Gaskiya ne dalilin ya bambanta, amma tambayar shari'ar tsohuwa ce a wurinmu. Fataken da suka yi ta safarar goro daga Gwanja ba sa sauka inda suka ga dama. Gari yakan keɓe musu zango a bayan ganuwa, da wanda ke kula da shi, da abin da ake biya, da iyakar da dabbobinsu ba za su ƙetare ba, unguwannin zango na Gana kuma daga nan suka samo asali. Burtali da mashaya su ma haƙƙin wucewa ne da sauka a ƙasar da ba taka ba, da sharaɗin kada shanu su shiga shuka. Dokar makiyayu ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi ƙoƙarin rubuta wannan, amma kaɗan ne daga wuraren aka yi wa rajista, gonaki da gine-gine suka cinye burtalai da yawa, har aka kai ga dokoki irin ta Binuwai ta 2017 da ta hana kiwon sake baki ɗaya. Nijar ta ɗauki ɗaya hanyar, dokarta ta kiwo ta 2010 ta amince da zirga-zirgar makiyayi a matsayin haƙƙi, tare da tsarin ranakun da ake buɗe gonaki bayan girbi. Ba na cewa garken shanu da ɗan tanti ɗaya ne, ɓarnar da garke zai yi wa gero a dare guda mai tanti ba zai yi ta a shekara ba, kuma a rikicin makiyaya da manoma rayuka ake rasawa. Kamar da ke tsakaninsu ita ce inda aka bar haƙƙi da nauyinsa a baki kawai, ranar da ƙasa ta yi tsada mai ƙarfi ne yake fassara al'adar. Wanda kuma ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos da dare ya ga tankokin mai da tireloli jere a kafaɗar hanya ya san ɓangaren mota na wannan magana. An sha ba direbobin wa'adin tashi, su kan dawo, domin dole direba ya kwana a wani wuri.

Saura maganar kuɗi, wadda masu goyon bayan buɗe filaye ba sa son a tsaya a kanta. Haƙƙin da aka ɗaure da sharaɗi yana buƙatar wanda zai zagaya ya ga an cika sharaɗin, ya yi wa sabon shiga bayani, ya rubuta wa mai taurin kai tara. Makewayi yana buƙatar mai wanke shi. Idan gwamnati ta ba da haƙƙin ta ƙi biyan masu tsaron gandu, to ta ɗora kuɗin a kan manomi da ɗan ƙauyen da za su wayi gari suna tsintar shara, kuma fushinsu halal ne. Sikotilan ta yi doka a 2024 da ta ba ƙananan hukumomi ikon karɓar haraji daga baƙin da suka kwana a masauki, Edinburgh ta tsayar da kashi 5 cikin 100. Amma harajin a kan otal da gidan haya da sansani yake faɗawa, motar da ta kwana a gefen hanya ba ta biyan komai, alhali ita ce ta fi jawo ƙorafi. Hukumar yankin tsaunukan arewa ta gwada wata takarda ta ganin dama a 2024, fam 40 na mako guda ga mai motar kwana, waɗanda suka saya ba su taka kara sun karya ba. A ganina wurin da ya dace a karɓi kuɗin shi ne inda motar ba za ta iya kauce masa ba, wato a kamfanin da ya ba da hayarta da kuma jirgin ruwan da ya tsallakar da ita zuwa tsibirai, a kuma rubuta a doka cewa abin da aka tara a yankin da motocin suke kwana za a kashe shi.